Ƙishirwa a Tsakiyar Ruwa: Daga Kano Zuwa Jaipur

A farkon Fabrairun 2024 muka tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, mu uku: ni da Yaya da matarsa. Ana gobe za mu tafi aka yi masa wankin ƙoda na awa huɗu, don ya iya jure zaman jirgi. A jakar hannuna akwai fasfo uku, da bizar jinya, da katin rigakafin shawara, da tarin takardun gwaji da ya fi littafin makaranta kauri. A lokacin dala ta haura naira 1,500, kuɗin da dangi suka harhaɗa da na gonar da muka sayar kullum sai ƙanƙancewa yake yi tun ba mu taɓa shi ba. Inna ba ta raka mu ba. A zaure ta tsaya, ta dafa kaina ta dafa na Yaya, ta ce Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo mata da mu duka biyu. Ta maimaita "duka biyu", domin ni ne zan ba da ƙodar.

Akwai wani kaya da na tafi da shi wanda ba a auna a filin jirgi ba, shi ne fushi. Yaya ma'aikacin jinya ne, ya haura shekara 20 yana aikin. A unguwarmu duk wanda ɗansa ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ƙofarsa yake bugawa. Ya fi kowa sanin ma'anar kumburin ƙafa da kumfar fitsari da hawan jinin da ba ya jin magani. Shekara biyu yana ganin waɗannan a jikinsa, ya yi gum, ko matarsa ba ta sani ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a sahun sallar Magariba. Tun kafin a tambaye ni na ce zan ba shi ƙoda, amma shirun nan ban yafe masa ba. Muna gaisawa, ina ɗaukar masa jaka, ina tura masa keken marasa lafiya, sai dai magana tsakaninmu ba ta wuce "sannu" da "yauwa".

Muka sauka Addis Ababa muka sauya jirgi, muka kwana a sama. Abin da na riƙe na wannan dare ɗaya ne. An ƙayyade wa Yaya ruwan da zai sha a yini, bai fi rabin lita ba, saboda jikinsa ba ya fitar da shi. Da aka zo rabon abin sha sai ya roƙi ma'aikaciyar jirgin ƙwayar ƙanƙara guda, ya sa a baki yana tsotsa a hankali, idonsa a rufe. Ƙafafunsa sun cika da ruwa har takalmi ba ya shiga, leɓensa kuwa ya bushe ya tsage.

Delhi ta tarbe mu da sanyi da hazo, hazo mai danshi mai warin hayaƙi, ba irin busasshen namu na hunturu ba. Jami'in shige da fice ya daɗe yana juya takardar gayyatar asibiti kafin ya buga hatimi. Muka kama ɗakuna biyu a wani gidan haya kusa da asibitin, inda maƙwabtanmu 'yan Iraƙi ne da 'yan Afganistan da 'yan Sudan, kowa da majinyacinsa, kowa da tukunyarsa a kicin ɗaya. Mako biyu suka tafi a gwaje-gwaje. Sannan aka ce sai mu jira kwamiti, domin tun 1994 Indiya ta kafa dokar dashen sassan jiki da ta hana cinikin ƙoda, baƙo kuwa ba a yi masa dashe sai kwamiti ya gamsu cewa mai bayarwa ɗan'uwa ne na gaske, da shaidar jini da takardar ofishin jakadanci. Dokar ta yi mini daidai, amma jiran ya ci mini rai. Barci ya ƙaurace mini. Matar Yaya ce ta lura, ta ce, "Ƙanina, ka fita ka sha iska kwana biyu, ina nan tare da shi." Yaya bai ɗago kai ba ya ce, "Je ka ga wurin nan na taurari. Da Baba na raye shi zai fara zuwa."

Marigayi Baba malamin zaure ne kuma manomi. Yana da wani kundi na ajami mai ɗauke da sunayen manzilolin wata 28, kowanne da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, su ba da kwana 365 cif. Manoma kan zo su tambaye shi ko a yi shuka ko a dakata. Amma duk wanda ya zo da maganar a duba masa tauraron aure ko na kasuwa, sai Baba ya naɗe kundin ya ce tauraro agogo ne, agogo kuwa ba ya hana mutuwa, ba ya kawo arziki. Da wannan na tashi, kuma a kansa nake har yau.

Na so bin mota, aka ba ni shawarar jirgin ƙasa, saboda tun 13 ga wata manoman Punjab suka ɗaura aniyar shigowa Delhi zanga-zanga, 'yan sanda suka jibge shingayen kankare da waya mai ƙaya a wasu mashigan birnin. Ranar Alhamis 22 ga wata, ƙarfe shida da 'yan mintuna na safe, na shiga jirgin Shatabdi mai zuwa Ajmer, a kan kuɗi kusan rufi 1,000 har da shayi da karin kumallo. Rufi 83 ke yin dala ɗaya a lokacin. Wanda ke kusa da ni ya ce "shata" a yarensu na da ɗari ke nan, an kuma sa wa jiragen wannan suna ne a 1988 don cikar Nehru, firaministan Indiya na farko, shekara 100 da haihuwa. Kalma ce mai sauƙin kamawa ga kunnen Bahaushe, ban san za ta sake dawo mini ba. Muka wuce Gurgaon da Rewari da Alwar. Daga nan ƙasa ta fara kama da gida: fili shimfiɗe, duwatsu tsirara a nesa, darbejiya a bakin gonaki, awaki, mata da tulu a ka. Ɗawisu ne kawai da na gani yana kiwo a gonar alkama kamar zabo ya tuna mini ba hanyar Gusau nake ba. Kafin sha ɗaya muna Jaipur, tafiyar kilomita 300 ko fiye kaɗan.

Keken da na hau daga tasha irin namu ne sak, don dama daga can ake kawo mana su. Masauki biyu suka ce akwai ɗaki, da suka ga koren fasfo sai ɗakin ya ɓace. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na uku gidan wani dattijo ne a gefen tsohon gari, mai ɗakuna huɗu a sama da yake ba baƙi haya. Ya karɓi fasfon, ya cike takardar rajistar baƙi da kyakkyawan rubutu, ya ce rufi 1,200 kwana ɗaya, ya kawo mini shayi kafin in biya. Malamin lissafi ne na sakandare da ya yi ritaya. Yana kirana "beta", wato ɗana, ni kuma na kira shi Baba, kalmar da su ma suke faɗa wa dattijo. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ɗauki sandarsa ya ce shi zai kai ni, shekara da shekaru yana kai ɗalibansa wurin.

Jantar Mantar na tsakiyar tsohon gari, daura da fadar sarki. A lokacin baƙo na biyan rufi 200. Na ga hotunansa tun ina makaranta, amma gani ya kori ji. Fili ne cike da gine-gine 19 na dutse da farar ƙasa, wasu kamar matakalar da ba ta kai ko'ina, wasu kamar ƙwarya a binne, kuma kowannensu na'ura ce ta auna sama. Sarki Sawai Jai Singh na Biyu, wanda ya kafa Jaipur a 1727, shi ya gina su, aka kammala a 1734. Irinsu biyar ya gina, a Delhi da Jaipur da Ujjain da Banaras da Mathura, na Mathura ne kawai ya rushe. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne jin cewa wannan sarki mabiyin addinin Hindu ya yi aiki da jadawalin taurari na Ulugh Beg na Samarƙand, yana da masana Musulmi a fadarsa, kuma nasa jadawalin da sunan Sarki Muhammad Shah na Delhi ya fitar da shi.

Babbarsu ita ce Samrat Yantra, agogon inuwa mai tsayin mita 27. Mun tsaya a gindinta muna kallon gefen inuwar yana rarrafe a kan farin dutse mai zane-zane, kana ganin motsinsa da idonka, zanen kuma ya kai ƙanƙantar daƙiƙa biyu. Na duba wayata na ga sun saɓa da kimanin minti 40. Dattijon ya nuna mini allon da ake rubuta gyaran kowace rana, ya ce dutsen lokacin Jaipur yake faɗa, wayar kuma lokacin gwamnati. Ya ƙara da cewa duk shekara, a cikar watansu na Ashadha, masanansu kan hau ƙololuwar ginin su kafa tuta, su ga inda iska ta kaɗa ta, su yi hasashen damina. Nan idona ya kawo ruwa. Haka Baba yake fita bayan gari da yamma in bazara ta tsufa, ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda ƙurar ta nufa.

A inuwar wani bango muka zauna, na karanto masa sunayen da na haddace tun ina yaro: Buɗaini, Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a. Ya yi ta gyaɗa kai yana mayar mini da nasu. Surayya, wadda muke ce wa kaza da 'ya'yanta, ita ce Krittika. Dabaran, jan tauraron da ke bin ta a baya, shi ne Rohini. Su "nakshatra" suke ce wa manzili, kuma 27 suke ƙirgawa. Dalilin a lissafi yake: wata na zagaye sama ya dawo gurbinsa cikin kwana 27 da sulusi, to Larabawa suka cike zuwa sama, Indiyawa suka rage zuwa ƙasa, suka raba da'irar kashi 27 daidai, kowane kashi digiri 13 da minti 20. Suna da na 28, Abhijit, amma ba kullum ake sa shi a ƙidaya ba. Ya ce masanin nan Musulmi Albiruni ya yi wannan kwatanci kusan shekara 1,000 da suka wuce.

Na ce masa mu a wurinmu matar wata ɗaya ce, Zara. Ya yi dariya ya ce nasu watan mata 27 gare shi, duk 'ya'yan mutum ɗaya mai suna Daksha, yana kwana ɗakin kowacce dare guda. Sai ya fifita Rohini ya tare a wurinta, sauran suka kai ƙara gida, uban ya yi masa baki ya kama ramewa, daga baya aka sassauta ya zama yana ramewa yana cikowa. Tatsuniya ce, amma wanda ya ƙaga ta ya san sama, ya kuma san gidan kishiyoyi.

Daga nan ya ja ni wurin wasu ƙananan gine-gine 12, kowanne na burji ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 12 na hanyar rana a sama. Ya tsaya gaban na Kumbha, wato tulu, wanda a littattafanmu ake kira Dalwu. Ya ce a lissafinsu rana tana cikinsa yanzu, kuma shekaranjiya ta shiga manzili na 24, wanda ya kama daga digiri 6 da minti 40 zuwa digiri 20 na burjin. Tauraron Zuhal ma, da suke kira Shani, yana ciki. Sunan manzilin Shatabhisha. Na ce shata ɗari ke nan. Ya dube ni da mamaki ya ce haka ne, "bhishaj" kuma mai magani. Masu magani ɗari. Na tambaye shi wane yanki ne na sama, da ya kwatanta sai na gane fagen da Sa'adul Ahbiya take ne, wadda Baba ke fassara mana da sa'ar ɓoyayyun abubuwa, yana cewa lokacinta ne macizai da kunamu ke barin ramukansu saboda ɗumi ya fara. Aka fara korar mutane don za a rufe, dattijon ya ce sauran bayani sai gobe da dare.

Safiyar Juma'a na zaga ni kaɗai. Na ga Hawa Mahal mai tagogi 953, na ga raƙumi na jan amalanke a tsakiyar motoci, na sha kindirmon da suke kira lassi a kofin yumɓu da ake yarwa bayan an sha. A kasuwar Johari, inda ake cinikin duwatsu masu daraja, na yi kuskuren gaya wa wani mai shago cewa jinya ta kawo mu. Nan take ya zaro wani dutse mai launin zuma, gomed, ya ce na Rahu ne, ɗaya daga cikin taurarin da suke dubawa, in Yaya ya sa shi a zobe ƙoda za ta tashi, ya yanka kuɗin da ya kai na wankin ƙoda sau da yawa. Na san irinsa a gida, masu tare 'yan jinya a ƙofar asibiti da ƙullin magani da rantsuwa. Wanda ciwo ya kayar da ɗan'uwansa ba ya ciniki, su kuma sun sani. Na ajiye masa dutsensa na fita raina a ɓace. Masallacin Juma'a na cikin kasuwar, a saman shaguna, can na yi salla. Bayan an idar wani ya nuna mini hanyar Ramganj, unguwar Musulmi, inda na ci nama da gurasa. Da yamma kuwa matar mai masauki ta aiko mini da wainar gero da wani abin sha mai ɗumi da suke kira rab, garin gero da tsala. Kurɓa ɗaya na yi na ji kamar a tsakar gidanmu nake. Ban taɓa zaton zan tarar da ɗanɗanon gero da nono a wannan nisa ba.

Bayan Isha muka hau soro. Tsakiyar Sha'aban ce, wata ya kusa cika, haskensa da fitilun gari sun shanye ƙananan taurari. Dabaran na nan ja a sama, kaza da 'ya'yanta kuwa da ƙyar na tsinto su. Dattijon ya zo da kalandarsu da ake kira panchang, wadda ke faɗin manzilin da wata yake kowace rana, ya ce ɗazu ya shiga Magha, manzilin kakanni da iyayen da suka rasu. Na duba kusa da watan na hango tauraro guda yana fama da haske. Na Jabha ne, mai kwana 14 ɗin nan ta kundin Baba.

Ya tambaye ni ranar haihuwata da sa'arta, ko ta Yaya, domin a wurinsu manzilin da wata yake lokacin da aka haifi mutum shi ne tauraronsa. Da shi ake zaɓar harafin farko na sunan jariri, da shi ake gwada dacewar masu aure. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, addinina ya hana ni a duba mini. Amma ina son jin abin da mutanenku ke cewa, don ilimi." Ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji, bai sake tambaya ba. Ko da na so ma, abin da Inna ta riƙe na haihuwar Yaya shi ne daren Laraba ne ana tsakiyar girbi.

Sai ya fara bayanin Shatabhisha, tunda ita muka bari jiya. Ya ce kada in neme ta a sama, rana na cikinta, ta faɗi tare da ita. Ko a lokacin da take fitowa ma taurarinta dusu-dusu ne, shi ya sa ake mata laƙabi da mai lulluɓi. Alamarta da'ira ce wadda babu komai a cikinta. Mai mulkinta Rahu, wanda a labarinsu kai ne marar gangar jiki mai haɗiye rana da wata, a lissafi kuwa mahaɗar hanyar wata da ta rana ce, inda husufi ke faruwa. Abin bautar da suka danganta ta da shi Varuna ne, na ruwa da teku da sararin dare. Itacenta kadamba, dabbarta goɗiya, 'ya'yanta kuma sunayensu kan fara da Go ko Sa ko Si ko Su.

Mutumin Shatabhisha, in ji shi, mai zurfin ciki ne. Yana cikin jama'a amma shi kaɗai yake, kamar ya zana da'ira ya zauna a tsakiya. Ba shi da yawan abokai, ba ya son a san halin da yake ciki. Yana da naci wajen bin diddigin abu har ya gano tushensa, shi ya sa ake cewa suna yawa cikin likitoci da masu haɗa magani da masu bincike. In ya yi magana gaskiya yake faɗa ko da ɗaci, ba ya shafa mata mai. Yana da taurin kai, in ya kafe babu mai tanƙwara shi. Rauninsa kaɗaici ne da ƙuncin zuciya, wasunsu su faɗa shaye-shaye don su rufe abin da ke cinsu. Sannan ya ce, a hankali, abin da ya fi ba shi tausayi game da su shi ne suna warkar da mutum ɗari, amma nasu ciwon ba sa nuna wa ko mutum ɗaya, har ya zama mai wuyar magani.

Na yi shiru. Bai san komai game da Yaya ba sai cewa yana asibiti.

Ba na so a fahimce ni a karkace. Ban yarda tauraro ne ke ƙera halin mutum ba, kuma na san irin wannan bayani babbar riga ce, mutane da dama za su sa ta zauna musu. Wataƙila ma a nasu lissafin Yaya wani manzili daban zai faɗa. Amma waɗanda suka tsara wannan siffa sun daɗe suna kallon mutane. Sun lura akwai wani irin mutum da tausayinsa da girman kansa suka cuɗe har ba a iya raba su, wanda ya saba a zo wurinsa, bai iya zuwa wurin kowa ba. Sun ba shi suna, sun rataye sunan a sama don kada a manta. Ni da na tashi ɗaki ɗaya da irin wannan mutum, abin da na iya kiran halinsa da shi kawai shi ne wulaƙanta mu.

Na tambaye shi to ina maganin, tunda sunan na masu magani ne. Ya ce sai an koma ga Varuna. A tsofaffin waƙoƙinsu na Rigveda shi ne mai ido dubu wanda ba a ɓoye masa komai, yana riƙe da igiya da yake ɗaure maƙaryaci da mai ɓoye laifi, cutar da ake danganta masa kuma ita ce ta taruwar ruwa a jiki. Amma shi ne kuma ake roƙo ya kwance igiyar, kuma a wani baiti an ce masa yana da masu magani ɗari, har dubu. Akwai wata waƙar da mai ita ke kuka cewa ƙishirwa ta same shi alhali yana tsaye a tsakiyar ruwa, yana neman a ji ƙansa. Da ya faɗi wannan sai ƙanƙarar nan ta cikin jirgi ta faɗo mini a rai, da leɓen da ya tsage, da ƙafafun da suka ƙi shiga takalmi. Mutumin da ya yi waƙar, shekara dubbai da suka wuce a wata ƙasa, ko dai ya yi irin ciwon Yaya ko ya yi jinyar mai shi.

Saboda haka, in ji dattijon, warakar wannan manzili daga buɗe abin da aka rufe take farawa. Malamansu kan umarci mutum da keɓewa don tunani, da wanka a ruwa mai gudu, da wuridin wasu addu'o'insu, da sadakar magani, da hidimar marasa lafiya. Amma duk waɗannan a ganinsa hanya ce ta kai mutum ga abu guda: ya bar wani ya shigo cikin da'irar. Na ba shi labarin mai dutsen zuma. Ya girgiza kai ya ce, "Beta, masu magani ɗari aka ce. Ka fara da wanda ke asibiti." Sannan ya dube ni ya ce ni kuma wa na gaya wa cewa ina jin tsoro? Ban gaya masa ni ne mai bayarwa ba, ashe ya gani a takardar biza da kuma tabon allurai a hannuna. Na ce babu kowa. Bai ƙara cewa komai ba, ya naɗe kalandarsa ya sauka, ya bar ni da watan.

Na daɗe a soron. Na yi alwala da ruwan sanyi na yi nafila, na karanta Yasin, na zo kan ayar da Allah ke cewa Ya ƙaddara wa wata manziloli har ya koma kamar tsohon tsumagiyar dabino. Sau nawa na karanta ta a gaban Baba, amma ban taɓa karanta ta ina kuka ba sai ran nan.

Da asuba dattijon ya ƙi karɓar kuɗin abinci, matarsa ta ƙulla mini wainar gero a takarda. Na koma Delhi a mota, aka tsayar da mu sau ɗaya a bakin gari aka duba jakunkuna.

Na tarar da Yaya a kan injin wanki, bututu biyu a hannunsa, jini na fita yana komawa. Na ja kujera na zauna. Na ce, "Yaya, tsoro nake ji. Tun Kano ban yi barcin kirki ba." Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce ya sani, kuma abin da ya guda ke nan tun farko. Tun ranar da ya ga sakamakon gwajin farko ya san inda abin zai ƙare, ya san kuma jinin wa zai dace da nasa. Ya zaɓi ya mutu a hankali da a yanka ƙaninsa mai 'ya'ya uku ƙanana. Na ce ai ba shi kaɗai ke da hakkin yanke wannan hukunci ba. Ya ce haka ne, in yafe masa. Muka yi ta magana har injin ya yi ƙara, awa huɗu sun cika, matarsa na bakin ƙofa ta ƙi shigowa.

Kwamiti ya kira mu cikin makon. Suka tambaye ni sunan kakanmu, da unguwar da muka tashi, da ko wani ya tilasta mini ko ya yi mini alkawarin kuɗi, suna ɗauka a bidiyo. A farkon Maris aka yi aikin, kwanaki kaɗan kafin azumi. Ban tuna komai ba sai fitilar saman gado da ɗacin baki da na farka da shi. Rana ta uku aka tura ni a keke zuwa bakin ɗakinsa, ta gilashi na gan shi, don ba a shiga. Kumburin fuskarsa ya saɓe har ƙasusuwan kuncinsa sun fito irin na Baba. A gefensa akwai gorar ruwa babba, ma'aikaciyar jinya na tsaye a kansa tana matsa masa ya ƙara sha. Ya ɗaga mini kofin, ya kafa kai ya shanye.

Ni na riga su dawowa, shi likitoci suka riƙe shi sai an daidaita masa magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙoda. Na biyo ta Addis Ababa, ina tafe ina dafe gefen ciki, na sauka Kano ana tsakiyar azumi da zafin bazara. Inna na zaure inda muka bar ta. Ta shafa fuskata, ta ɗaga rigata ta duba ɗinkin, ta yi hamdala. Ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta tambayi yaushe zai dawo ba. Cewa ta yi, "Yana shan ruwa?"

Na ce, "Lita uku a yini, Inna, har faɗa ake masa in bai shanye ba."

Ta juya ta shiga ciki, na ji tana ce wa jikokinta a wanke randar ɗakinsa a cika ta.